Talat Mahmood

Talat Mahmood (24 ga Fabrairu, 1924 – 9 ga Mayu, 1998) mawaƙi ne kuma ɗan wasan fim ɗan ƙasar Indiya. Ya yi fice a matsayin mawaƙin bayan fage, wato mai rera waƙar da jarumi ke motsa baki a kanta a cikin fim. An fi saninsa da rera gazal, wani nau'in rubutacciyar waƙar soyayya da bege ta harshen Urdu, har aka yi masa laƙabi da Sarkin Gazal. Muryarsa mai taushi ce, tana da ɗan karkarwa. Da ita ya shigar da gazal cikin finafinan Hindi a shekarun 1950, ita ce kuma ta sa aka ja baya da shi lokacin da salon finafinan ya sauya. Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Bhushan a 1992.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Talat Mahmood a birnin Lucknow da ke arewacin Indiya, a zamanin mulkin mallakar Ingila. Sunan mahaifinsa Manzoor Mahmood. Gidansu gidan Musulmi ne masu riƙo da al'ada, waɗanda ba sa ganin waƙa a matsayin sana'ar ɗan mutunci, don haka sha'awarsa ga waƙa ba ta samu karɓuwa a gida ba da farko. Amma garin da ya tashi a cikinsa gari ne na adabi. Lucknow ita ce tsohuwar fadar sarakunan Awadh, kuma ta shahara da marubuta waƙoƙin Urdu da tsabtar lafazi. Wannan tarbiyyar harshe ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A ƙarshen shekarun 1930 ya shiga kwalejin koyon kiɗa da waƙa ta Marris da ke Lucknow, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa Bhatkhande. A can ya koyi ƙa'idojin kiɗan gargajiya na arewacin Indiya a wajen Pandit S. C. R. Bhat. A 1939, tun bai cika shekara 16 ba, ya fara rera gazal a tashar All India Radio ta Lucknow, yana ɗauko baitocin manyan marubuta irin su Mir da Dagh da Jigar.

Gazal da tsarinta

Kalmar gazal daga Larabci take, kuma asalinta baitocin bege da mawaƙan Larabawa kan buɗe ƙasida da su. Daga nan ta shiga Farisanci, inda Sa'adi da Hafiz suka ɗaukaka ta, sannan ta isa harshen Urdu. Mir Taqi Mir da Mirza Ghalib (1797–1869) su ne mafiya shahara cikin masu rubuta ta da Urdu.

Tsarin gazal ba baƙo ba ne ga wanda ya san rubutacciyar waƙar Hausa. 'Yar ƙwar biyu ce, kowane baiti ɗango biyu, duka a kan kari ɗaya. A baitin farko ɗangogin biyu suna ƙarewa da amsa-amo ɗaya, daga nan sai ɗango na biyu na kowane baiti ya riƙa dawo da shi. Sau da yawa akwai kalma ko gaɓar magana da ake maimaitawa bayan amsa-amon, wadda ake kira radif. A baitin ƙarshe marubucin yakan ambaci laƙabinsa, kamar yadda marubutan Hausa irin su Aliyu Namangi da Aƙilu Aliyu kan bayyana sunansu a ƙarshen waƙa. Bambancin shi ne kowane baitin gazal yana iya tsayawa da ma'anarsa shi kaɗai, ba sai ya jingina da na gabansa ba. Jigonta yawanci rabuwa ne da begen masoyi, kuma a hannun sufaye masoyin kan zama ishara ga Ubangiji.

Saboda nauyin gazal yana cikin kalmominta, mai rera ta dole ya fitar da kowane harafi, kada kiɗa ya danne magana. A nan Talat Mahmood ya yi zarra.

Kalkata da faifan garmaho

Kamfanin HMV ya ɗauki muryarsa a faifan garmaho a karon farko a 1941. A 1944 ya fitar da wata waƙa da Faiyyaz Hashmi ya rubuta, Kamal Dasgupta ya tsara kiɗanta. Ba ta cikin kowane fim, amma ta yi kasuwa sosai, ta kai sunansa ko'ina a Indiya. Faifan wancan zamani ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai a kowace fuska. Gazal ɗin da a majalisin sarauta ake jan ta tsawon lokaci, dole a taƙaita ta zuwa baitoci uku ko huɗu. Wannan horo ya yi masa amfani da ya shiga fim, inda waƙa take da ƙayyadadden lokaci.

A shekarun nan ya zauna a Kalkata, wadda take babbar cibiyar fim da kiɗa. A can ne kamfanin New Theatres ya fara amfani da mawaƙan bayan fage a 1935, a can ne kuma K. L. Saigal ya yi suna. Talat ya rera waƙoƙi da harshen Bengali da sunan Tapan Kumar, ya kuma fito a finafinai kaɗan, ciki har da Rajlaxmi (1945) da Tum Aur Main (1947) da Samapti (1949). Bayan raba ƙasar zuwa Indiya da Pakistan a 1947, harkar fim ta Kalkata ta yi sanyi. A 1949 ya koma Bombay, wato Mumbai ta yanzu.

Shekarun ɗaukaka

A Bombay an sha nuna masa cewa karkarwar muryarsa aibi ce, shi ma ya yi ƙoƙarin danne ta. Mai tsara kiɗa Anil Biswas ne ya hana shi, ya nuna masa cewa ita ce alamar da za a gane shi da ita. Biswas ya ba shi waƙa a fim ɗin Arzoo (1950), wadda Majrooh Sultanpuri ya rubuta, Dilip Kumar ya hau kanta. Waƙar ta karɓu, kuma daga ita ƙofofi suka buɗe masa.

Zamanin ya dace da shi ta fuska biyu. Na farko, na'urar ɗaukar murya ta inganta, mawaƙi ba ya bukatar ɗaga murya kamar a dandali, yana iya matsowa kusa da makirufo ya rera a hankali. Na biyu, finafinan farkon shekarun 1950 cike suke da labarin masoyin da ya rasa abin ƙaunarsa, kuma Dilip Kumar shi ne gwanin irin wannan rawa. Muryar Talat ta zauna daidai a bakinsa a Babul (1950) na mai kiɗa Naushad, da Tarana (1951) inda ya rera tare da Lata Mangeshkar, da Sangdil (1952) na Sajjad Hussain, da Daag (1952) na Shankar da Jaikishan, da Footpath (1953) na Khayyam, da Devdas (1955) na S. D. Burman.

Ya yi wa wasu jarumai ma. A Taxi Driver (1954) ya rera wa Dev Anand baitocin Sahir Ludhianvi, waƙar da ta sama wa S. D. Burman kyautar Filmfare. A wannan shekara Sohrab Modi ya fitar da Mirza Ghalib, fim a kan rayuwar shahararren marubucin, inda Talat da Suraiya suka rera gazal ɗin Ghalib a kan kiɗan Ghulam Mohammed. Fim ɗin ya ci lambar zinare ta shugaban ƙasa. Ta wannan hanya baitocin da a da sai masu ilimin Urdu ke jin daɗinsu suka shiga bakin talakan da bai taɓa buɗe diwani ba. A Sujata (1959) na Bimal Roy, an nuna Sunil Dutt yana rera wa Nutan waƙa ta wayar tarho da muryar Talat, kuma ana lissafa wannan fitowa cikin mafiya shahara a tarihin finafinan Hindi.

Fitowa a fim

Talat Mahmood kyakkyawa ne, kuma yana da burin bin sawun Saigal, wanda ya haɗa waƙa da wasa. Ya fito a matsayin jarumi a Dil-e-Nadaan (1953), da Waris (1954) tare da Suraiya, da Dak Babu (1954) tare da Nadira, da Ek Gaon Ki Kahani (1957) tare da Mala Sinha, da Lala Rukh da Sone Ki Chidiya a 1958. Yawancin finafinan ba su yi kasuwa ba, ko da yake waƙoƙinsu sun rayu. Masu nazarin tarihin fim suna ganin wannan mataki ya ja masa hasara, domin masu shirya fim sun ɗauka ya bar waƙar bayan fage, wasu jarumai kuma suka fara kallonsa a matsayin kishiya. Ya daina fitowa a ƙarshen shekarun 1950.

Ja baya

Kafin ya dawo ga waƙa kaɗai, kasuwa ta juya. Naushad ya riga ya koma ga Mohammed Rafi tun daga Deedar (1951) da Baiju Bawra (1952), domin kiɗansa yana son murya mai hawa sama. An ƙara yawan kayan kiɗa, salon Turai mai sauri ya shigo, jarumi mai zubar da hawaye ya ba mai rawa da tsalle wuri. Shammi Kapoor misali ne. Talat ya rera masa a Laila Majnu da Thokar a 1953, amma da ya sauya salo a Tumsa Nahin Dekha (1957) da Junglee (1961), Rafi ya zama muryarsa.

Duk da haka wasu masu kiɗa ba su sake shi ba. Salil Chowdhury ya ba shi waƙoƙin Chhaya (1961). Madan Mohan, wanda suka yi aiki tare tun Madhosh (1951), ya dage a kan shi zai rera manyan gazal ɗin Jahan Ara (1964). Fim ɗin bai yi kasuwa ba, kuma ana ɗaukarsa babban aikin Talat na ƙarshe a fim. Bayan Aradhana (1969) zamani ya koma hannun Kishore Kumar.

Tafiye-tafiye

Yana cikin mawaƙan bayan fage na farko da suka fita waƙa ƙasashen waje. A 1956 ya zagaya Gabashin Afirka, inda 'yan asalin Indiya ke da yawa. Daga baya ya yi wasa a Ingila da Amurka da tsibiran Karibiyan, ciki har da zauren Royal Albert Hall na Landan da Madison Square Garden na New York. Ya ci gaba da fitar da gazal da ba na fim ba, kuma tafiyarsa ta ƙarshe ita ce ta ƙasar Holan a 1991.

Iyali da rasuwa

A watan Fabrairun 1951 ya auri Latika Mullick, 'yar wasan fim daga Bengal, wadda ta ɗauki sunan Nasreen. Sun haifi 'ya'ya biyu, namiji da mace. Abokan aikinsa sun san shi da kunya da sanyin hali da tsabtar tufafi. Ya rasu a Mumbai ranar 9 ga Mayu, 1998, yana da shekara 74. A 2016 hukumar gidan waya ta Indiya ta fitar da kan sarki mai ɗauke da hotonsa.

Tasiri

Kafin zamaninsa, gazal ta fi zama a majalisin sarakuna da attajirai, a bakin gwanaye irin su Begum Akhtar. Talat Mahmood ya sauƙaƙa rerawarta, ya rage ƙawar murya, ya bar kalma a gaba. A kan wannan turba mawaƙan gazal na baya irin su Jagjit Singh da Pankaj Udhas suka gina kasuwar kaset a shekarun 1970 da 1980, ba tare da sun dogara da fim ba.

A ƙasar Hausa, finafinan Indiya sun shigo ta gidajen silima da 'yan Lebanon suka buɗe a Kano da sauran birane, daga baya rediyo da kaset suka watsa waƙoƙinsu daga Zariya da Katsina da Jibiya har Maraɗi. Finafinan da suka fi zama a zukatan masu kallo, irin su Mother India (1957) da waɗanda suka biyo bayansa, muryoyin Rafi da Lata da Kishore ne suka mamaye su, shi ya sa sunan Talat bai kai nasu yawo a bakin jama'a ba. Amma tsarin da ya yi aiki a cikinsa sananne ne. Mawaƙi ya rera a ɗakin ɗaukar murya, jarumi ya hau waƙar a gaban kyamara, shi ne tsarin da finafinan Kannywood suke bi har yau.