Chano Pozo: makaɗin unguwa da ya kai gangar Kyuba Amurka

An haifi Luciano Pozo González, wanda duniya ta sani da suna Chano Pozo, ranar 7 ga Janairu 1915 a Havana, babban birnin Kyuba. A lokacin shekara 29 ke nan kacal da soke bauta a ƙasar. Ya tashi a irin gidajen hayan nan na talakawa, inda iyalai masu yawa, akasarinsu baƙar fata, ke tarayya a tsakar gida ɗaya. Gidan da ya girma ma sunansa El África.

Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami. Bai yi nisa a makaranta ba, kuma rashin ji ya kai shi gidan horon yara na Guanajay. Da ya fito sai ya kama tallar jarida da gogen takalma.

Kiɗa kuwa a tsakar gida ya koye shi. Idan an taru ana rumba, wani na buga ƴan sanduna biyu masu riƙe ma'aunin kiɗan, wasu na dukan akwatunan katako a madadin ganga, mai waƙa na bayarwa jama'a na amsawa. Yaro kan fara da amshi da tafi, ya koma kan sanduna, sai kunnensa ya nuna sannan a sakar masa ƙaramar ganga mai zaƙin murya, wadda ke bin sawun mai rawa. Ba takarda, ba allo. Chano ya kuma shiga Abakuá, ƙungiyar asiri ta maza wadda tushenta ke yankin Kalaba, kuma ya haddace waƙoƙinta.

Sunansa ya fara fita ne a ƙungiyoyin unguwanni masu zagaya gari da kiɗa da rawa lokacin bikin karnabal, musamman Los Dandys ta unguwar Belén, inda yake rawa, yake kiɗa, yake tsara waƙa. Abokinsa mawaƙi Miguelito Valdés ya rera waƙarsa Blen Blen Blen a faifai tare da ƙungiyar Casino de la Playa, ta karɓu sosai. Daga nan ya samu aiki a gidan rediyon RHC Cadena Azul. Kuɗi suka shigo, amma ba su zauna ba: kwat, zinariya da holewa suka cinye. Zafin zuciyarsa ma bai ragu ba, har aka taɓa harbinsa a Havana kan rigimar kuɗin waƙoƙinsa, ya sha da ƙyar.

A 1947 ya koma New York. Ɗan ƙasarsu Mario Bauzá ya haɗa shi da Dizzy Gillespie, gwanin busa ƙaho a kiɗan jaz, wanda ke neman makaɗin ganga. Ranar 29 ga Satumba 1947 suka hau dandalin Carnegie Hall, Chano na kiɗa yana rera waƙoƙin da ya gada daga gida. Ba ya jin Turancin kirki, ba ya karanta rubutun kiɗa, don haka da baki yake rera abin da kowane kayan kiɗa zai buga, Gil Fuller na rubutawa. Haka aka haifi Manteca, wadda suka ɗauka a Disamba 1947, ta zama ginshiƙin haɗin jaz da kiɗan Kyuba. A Fabrairu 1948 sun yi wasa a zauren Pleyel na birnin Paris.

Tafiyar ba ta yi tsawo ba. Suna rangadi a kudancin Amurka aka sace masa ganguna, ya dawo New York neman wasu. A farkon Disamba 1948 wani mutum mai suna Eusebio Muñoz ya harbe shi a wata mashaya a unguwar Harlem, bayan sun yi sa-in-sa kan cinikin tabar wiwi. Ya rasu yana da shekara 33, aka mayar da gawarsa Havana aka binne ta a maƙabartar Colón.

Zamansa da Gillespie bai kai shekara ɗaya da rabi ba, amma daga lokacin gangar konga ta samu wurin zama a jaz, kuma har gobe ana kaɗa Manteca da Tin Tin Deo.