Ken Saro-Wiwa: Mutumin da shari'arsa ta fi shi tsawon rai

Ka taɓa cin karo da bidiyon wutar iskar gas tana ci dare da rana a yankin Neja Delta? To ya kamata ka san Ken Saro-Wiwa. An haife shi a Bori, cikin jihar Ribas ta yau, a 1941. Ya yi karatu a Jami'ar Ibadan, ya zama marubuci, kuma shi ya ƙirƙiro wasan barkwancin talabijin Basi & Company a shekarun 1980.

Yana da suna, yana da rufin asiri, da ya so sai ya yi shiru abinsa. Amma malalar mai ta lalata gonaki da koguna a ƙasar Ogoni, hayaƙin gas ya cika musu iska. A 1990 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar MOSOP. A Janairun 1993 kimanin mutum 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, ka tuna fa lokacin babu Facebook balle TikTok. A shekarar nan Shell ya daina haƙo mai a ƙasar Ogoni.

A 1994 aka kashe wasu dattawan Ogoni huɗu. Gwamnatin Abacha ta ɗora masa laifin, ya musanta. Wata kotu ta musamman ta yanke masa hukuncin kisa, babu damar ɗaukaka ƙara. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye shi da mutum takwas a Fatakwal.

Sai dai maganar ba ta mutu da shi ba. A 1996 iyalansa suka maka Shell a kotu a New York. Shekara 13 ana ja, sai a 2009 kamfanin ya biya dala miliyan 15.5 a sulhu, ba tare da amsa laifi ba. A 2005 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta ce ƙona gas ya saɓa wa haƙƙin rayuwa. Amma har gobe ana ƙonawa, hayaƙin na ƙara ɗumamar yanayin da ke shafarmu duka.

Ka ga kenan, kotu na iya zama makamin zalunci, tana iya zama mafakar talaka. Samun hukunci daban, aiwatar da shi daban. Idan ka gama yaɗa bidiyon, ka tambaya: wa ke bibiyar hukuncin?