Mary Cassatt: Ba'amurkiyar da ta yi suna a zanen Faransa

A nan Libreville, inda nake koyarwa, ɗaliban da suka san wani abu game da zanen Faransa sunan Monet suke kamawa. Da wuya ka ji wanda ya ambaci Mary Cassatt, alhali tare da su Monet ta baje zanenta.

An haife ta a 1844 a jihar Pennsylvania ta Amurka, a gidan masu hali. Tana shekara 15 ta shiga makarantar zane ta Philadelphia. Mahaifinta bai so ta mai da zane sana'a ba. A 1866 ta tafi Paris, inda babbar makarantar zane ba ta ɗaukar mata, sai ta riƙa karatu wurin Jean-Léon Gérôme, tana kuma kwaikwayon tsofaffin zane a Louvre. Da yaƙin 1870 ya maida ta gida, uban ya ci gaba da ciyar da ita, amma ya ƙi sayen fenti. To, mu malamai mun san irin wannan uban.

A 1877 alƙalan Salon, babban bajekolin Paris, suka ƙi zanenta. Sai Edgar Degas ya gayyace ta cikin 'yan Impressionist, masu zana haske da launi yadda ido ya fara kama su. Ta fara nuna aikinta tare da su a 1879.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ta zaɓa ta zana: uwa na yi wa ɗiya wanka, mace na ɗinki, yaro ya lafe a kafaɗa. Ita ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, amma dubi zanenta na 1893 da ke Chicago, yadda uwar ta tallabe yarinya da hannu guda, ɗayan yana wanke mata ƙafa a kwano. Wanda ya taɓa yi wa ƙaramin yaro wanka zai gane riƙon nan.

Ita ce kuma ta riƙa ba ƙawarta Louisine Havemeyer shawarar zanen da za ta saya, da yawa daga cikinsu yanzu suna gidan tarihi na Metropolitan a New York. Faransa ta ba ta lambar girma ta Légion d'honneur a 1904.

Ciwon suga da yanar ido suka ci ƙarfinta, ta ajiye burushi wajen 1914. Ta yi shekara 12 ba ta zane, har ta rasu ranar 14 ga Yunin 1926 a gidanta na Beaufresne, arewa da Paris.