Taƙaitaccen Tarihin Sarkin Kano Abbas, da Yadda Sha'anin Ƙasa da Haraji Ya Kasance a Zamaninsa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai mallakar ƙasa da abin da ke bisanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku jama'a, sa'ad da kwamitin gini ya shiga neman takardar filin wannan masallaci, da yawa daga cikin masu taimako sun tambaye mu, shin me ya sa fili da mai shi ya bayar domin Allah sai an nemi yardar hukuma, har a yanka masa kuɗin ƙasa? Da maganar ta kai kunnen Malam Liman, sai ya umurce mu da mu rubuta tarihin sarkin da aka soma wannan al'amari a zamaninsa, watau Sarkin Kano Muhammadu Abbas, Allah ya jiƙansa.

Shi Abbas ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ne, jikan Sarki Ibrahim Dabo. A lokacin basasar Kano, wadda ta tashi a 1893, yana cikin Yusufawa, kuma da ɗan'uwansa Alu ya ci sarauta sai ya naɗa shi Wambai. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano, alhali kuwa Sarki Alu da manyan hakimansa sun tafi Sakkwato. A kan hanyar komowa Alu ya rabu da jama'arsa, Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi, aka bar rundunar mutane da mata da yara a daji ba jagora. Wambai Abbas shi ya tattaro su ya komo da su gida. Cikin watan Afrilu na wannan shekara Gwamna Lugga ya tabbatar masa da sarautar Kano.

Akwai masu ganin laifinsa a kan wannan komowa, suna cewa hijira ta fi. Mu dai ba mu isa mu yi hukunci tsakanin magabata ba. Abin da muka sani shi ne, gidajen da aka bari a birni da gonakin da aka bari a karkara suna bukatar wanda zai tsaya musu, kuma shi ne ya tsaya.

Sarautar da ya karɓa kuwa ba irin ta ubansa ba ce, gama Lugga ya bayyana a fili cewa ikon ƙasa da ikon sa haraji sun koma hannun wanda ya ci yaƙi. Kafin zuwan Turawa talaka yana biyan kuɗin ƙasa, yana fid da zakkar hatsi, mai rafi yana biyan kuɗin rafi, marini yana biyan kuɗin karofi, Bafillace yana biyan jangali. Hakimai suna zaune a birni, jakadunsu ke fita karɓowa, a biya da wuri ko da dame. Razdan na farko, Dokta Kagil, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi Mai Gunduma, ya yanka ƙasar gunduma gunduma, ya fitar da hakimai su zauna a cikinsu, ya kawar da jakadu. Sannu a hankali aka haɗe waɗannan kuɗaɗe suka zama haraji guda, aka ce kuma da kuɗin Turawa za a biya. Manomi da bai taɓa riƙe sule ba, dole ya kai hatsinsa kasuwa da kaka, lokacin da ba shi da daraja.

Tsakanin Sarki da Mai Gunduma ba a sha da daɗi ba. A 1908 Razdan ya ɗauki Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan sarki, ya ɗora shi a kan Waziri, ya kuma rufe majalisar shari'ar Sarki. Abbas ya haƙure, bai yi abin da za a kama shi da shi a tuɓe shi ba, kamar yadda aka tuɓe Sarkin Katsina Yero a 1906. A 1909 aka kawo Razdan Tambul, ya warware wannan ƙulli, aka naɗa Alƙalin Kano Malam Gidado Waziri, aka sake buɗe majalisa. A wannan zamani ne aka kafa Baitulmali, aka yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi, harajin da aka tara kuma a raba biyu, rabi na Gwamnati, rabi na En'e. A lokacin ne kuma aka soma awon taki a gundumomin da ke kewaye da birni: malaman taki su taka tsawon gona da faɗinta, su rubuta, a yanka wa mai ita gwargwadon girmanta. Kowa ya san abin da zai faru idan abincin gida ya rataya a kan ƙafar mai awo da alƙalaminsa.

To, a nan ne amsar tambayar masu taimako take. A 1908, zamanin Gwamna Jirwad, wani kwamiti ya zauna a Landan a kan ƙasar Arewa, ba Bakano ko ɗaya a cikinsa. Ra'ayin da ya rinjaya shi ne, talaka ba ya mallakar ƙasa, amfani kawai yake yi da ita, harajin da yake biya kuwa tamkar kuɗin haya ne. Daga nan aka fitar da dokar 1910, wadda ta sa dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, wai ya riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa, baƙo kuma ba shi da fili sai da takardar izini, yana biyan haya wadda za a riƙa sake dubawa. Gaskiya dokar ta yi rana ta wani gefe, domin ta hana kamfanonin Turawa saye gonakin mutane. Amma ta wani gefen ta saɓa wa abin da kowane almajiri ya karanta a babin gado da ciniki, ta kuma saɓa wa abin da ake yi tun kaka da kakanni, inda gona ake gadonta, a ba da aronta, a jinginar da ita, a yi kyauta da ita.

Ba da jimawa ba aka ga aikin dokar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, aka yanka wa kamfanoni filaye kusa da tasha, a 1913 kuma aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi. Mazauna waɗannan wurare ga Turawa suke biyan hayar fili, gaban Joji suke kai ƙara, da dokar Ingila ake yi musu hukunci. Sarki ba shi da ta cewa a can, ko da yake daga kan ganuwa ana hango rufin kwanonsu. Sabon Gari bai komo ƙarƙashin En'e ba sai a 1940. Wannan doka ce aka sabunta a 1962, sa'an nan dokar 1978 ta shimfiɗa irinta a kan Nijeriya duka, ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta. Takardar da kwamitinmu ya yi ta zirga-zirga a kanta jikanyar waccan ce.

Abin da ya rage a hannun Abbas shi ne majalisar shari'a, kuma a nan ne ya kamata a auna shi. Yakan zauna da Waziri Gidado da malamai, magatakarda yana rubuta kowace ƙara da Larabci, da sunan mai ƙara, da shaidu, da hukunci. Littattafan 1913 da 1914 sun tsira, har an fassara wani sashe nasu da Turanci a 1994. Shekarun kuwa na yunwa ne, damina ta ƙi, mutane suka watse neman abinci suka bar gonaki, haraji kuma bai tsaya ba. Ƙararrakin gona da gida suna da yawa a ciki. Ga wanda ya tafi ya komo ya tarar an ba wani gonarsa, ga magada da suka saɓa, ga mai kuka da dagacinsa. A zamanin da takardar haraji ta zama kamar shaidar mallaka, abu ne mai sauƙi mai ƙarfi ya ce shi ke biya, saboda haka gida nasa ne, ya fitar da gwauruwa da marayunta. Majalisar Abbas ba ta tsaya ga wannan ba, sai ta nemi shaidu da asalin mallaka bisa mazhabar Imamu Malik. Mata suna zuwa da kansu su yi ƙara, kuma ana ba su rabonsu na gida da gona in hujja ta tabbata. Ba mu ce kowane hukunci nasa ya tsira daga son zuciyar masu mulki ba, ma'asumi Annabi ne. Amma dokar Landan ta ce talaka ba shi da ƙasa, shi kuwa ya ci gaba da raba gado kamar yana da ita.

Allah ya yi masa rasuwa a watan Mayu 1919, bayan shekara 16 a kan gado, aka binne shi a Nasarawa. Ɗan'uwansa Usman ya gaje shi, daga baya 'ya'yansa biyu suka yi sarauta, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953, da Muhammadu Inuwa a 1963. Shekara 4 kacal bayan rasuwarsa, a 1923, aka hana mata gadon gida a Kano, hanin ya kai har ga gona, ba a mayar musu da haƙƙinsu ba sai a 1954, a hannun jikansa Sarki Muhammadu Sanusi.

Sashen gabas na filin da muka taru a kansa yau, inda alƙibla za ta tsaya, wata baiwar Allah ce ta bayar da shi, kuma rabonta ne na gadon mahaifinta. Ta roƙe mu kada mu ambaci sunanta, mun kuwa cika mata. Malam Liman bai yarda a haƙa harsashi ba sai da ya tara sauran magada, ya ji daga bakin kowannensu cewa ba shi da haƙƙi a wurin, aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Allah ya karɓa mata, ya jiƙan mahaifinta, ya jiƙan Sarki Abbas da malaman majalisarsa, amin.