Dick Beattie: Golan da ya ɗaga yatsu bakwai, ya ƙare a gidan yari

A ranar 19 ga Oktoban 1957, mutum fiye da 82,000 ne suka cika filin wasa na Hampden Park da ke birnin Glasgow domin kallon wasan ƙarshe na Kofin Lig na Scotland. Celtic ta lallasa babbar abokiyar hamayyarta Rangers da ci 7 da 1.

Wanda ya tsare wa Celtic raga a ranar saurayi ne mai suna Dick Beattie, saura kwana biyar ya cika shekara 21 da haihuwa. An ɗauki hotonsa ya ɗaga yatsu bakwai sama, kuma har yau magoya bayan ƙungiyar na tunawa da hoton.

Shekara bakwai da 'yan watanni bayan haka, wannan golan ya tsaya gaban alƙali a Ingila, aka ɗaure shi saboda sayar da wasa.

Tashen ƙuruciya

An haifi Richard Beattie a Glasgow ranar 24 ga Oktoban 1936. Ya fara tsaron raga a wata ƙaramar ƙungiya mai suna Duntocher Hibernian, daga nan Celtic ta ɗauke shi a 1954 tun bai kai shekara ashirin ba.

Bai jima ba ya zama golan farko na ƙungiyar. A 1956 ya buga wasan ƙarshe na Kofin Scotland, inda Hearts ta doke su 3 da 1. Amma a cikin shekarar suka share hawayensu: suka tashi babu ci da Partick Thistle a wasan ƙarshe na Kofin Lig, aka sake karawa, Celtic ta ci 3 da nema. Wannan ne karon farko da ƙungiyar ta ɗaga kofin, kuma ba a zura wa Beattie ko ɗaya ba a wasannin biyu.

Sai kuma ranar ci bakwai. Billy McPhail ya ci uku, Neil Mochan biyu, Sammy Wilson ɗaya, Willie Fernie ya rufe da bugun fenariti. Gabar Celtic da Rangers ta wuce ta ƙwallo, domin ta haɗa da bambancin ɗariƙa da siyasa a cikin birni guda. Duk wanda ya buga wannan wasa ya samu gurbi a tarihin ƙungiyar.

Beattie ya kuma tsare wa tawagar Scotland ta 'yan ƙasa da shekara 23 raga. A 1959 ya koma Portsmouth a kudancin Ingila. Ƙungiyar na cikin koma-baya a lokacin, har ta faɗa rukuni na uku, amma ta lashe gasar rukunin a kakar 1961 zuwa 1962. A 1962 ya koma Peterborough United, daga bisani ya dawo gida Scotland ya shiga St Mirren.

Albashi kaɗan, caca a buɗe

Mai kallon Firimiya a yau zai yi mamakin abin da 'yan wasan wancan zamani ke karɓa. Har zuwa Janairun 1961, dokar lig ɗin Ingila ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 20 a mako, ko da kuwa shi ne ke cika fili da 'yan kallo. Sai da ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki kafin a soke dokar. Duk da haka, 'yan ƙananan rukuni ba su ga wani canji na a zo a gani ba.

A cikin wannan shekarar ta 1961 aka halasta buɗe shagunan caca a Birtaniya. Wanda ya san sakamakon wasa biyu ko uku tun kafin a busa usur, zai iya kwasar kuɗin da ya ninka albashinsa na watanni a yini guda.

Wanda ya gano wannan ƙofa shi ne Jimmy Gauld, ɗan Scotland da ya taka leda a Charlton da Everton da Swindon, kafin karayar ƙafa ta kawo ƙarshen wasansa a Mansfield Town. Ya riƙa bin tsofaffin abokan wasansa a ƙungiyoyi daban-daban, yana shirya da su yadda za su bari a ci su, shi kuma ya zuba kuɗi a kan sakamakon.

A irin wannan harka babu wanda ya kai gola daraja. Ɗan gaba zai iya ɓarar da ƙwallo goma, wani abokin wasansa ya ci ta sha ɗaya. Amma idan gola ya makara da taku ɗaya, ko ya saki ƙwallon da ya kamata ya riƙe, babu kowa a bayansa sai raga. Kuma da wuya ɗan kallo ya bambance kuskure da ganganci. Beattie na cikin waɗanda suka faɗa komar Gauld a shekarun da ya yi a Ingila.

Ranar tonon asiri

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A 1963 wani gola, Esmond Million na Bristol Rovers, ya amsa cewa ya karɓi tayin kuɗi domin a ci ƙungiyarsa a wasa da Bradford Park Avenue. Abin dariyar shi ne wasan ya tashi 2 da 2. An ci shi tara, aka haramta masa ƙwallo har abada.

A 1964 Gauld da kansa ya sayar wa jaridar The People labarin a kan fam 7,000, ya kuma naɗi muryar wasu abokan harkarsa a ɓoye. Sunayen da suka fi girgiza jama'a su ne Peter Swan da Tony Kay da David Layne. Su ukun suna Sheffield Wednesday lokacin da suka sa caca cewa Ipswich Town za ta doke su a Disamban 1962, kuma ta doke su 2 da nema. Swan ya buga wa Ingila wasa 19, Kay kuwa Everton ta saye shi fam 60,000.

A Janairun 1965 kotu a Nottingham ta ɗaure mutum goma. Gauld ya samu shekara huɗu. Swan da Kay da Layne wata hurhuɗu. Beattie wata tara, wato fiye da ninki biyu na hukuncin taurarin uku. Hukumar ƙwallo ta kuma haramta musu wasa har ƙarshen rayuwa. Yana da shekara 28, shekarun da gola ke fara nuna.

Abin da ya wuce shi

Tun ranar ci bakwai Celtic ba ta sake ɗaga wani babban kofi ba sai a Afrilun 1965, wata uku bayan an ɗaure tsohon golanta. Kocin da ya kawo kofin shi ne Jock Stein, wanda suka zauna a ƙungiyar tare da Beattie suna 'yan wasa.

A 1967 Celtic ta doke Inter Milan 2 da 1 a Lisbon, ta zama ƙungiyar Birtaniya ta farko da ta lashe Kofin Zakarun Turai. Wanda ya tsare raga a ranar, Ronnie Simpson, yana da shekara 36. Beattie na da 30, yana wajen fili.

An ɗage wa Swan da Layne takunkumi a farkon shekarun 1970, har suka koma Sheffield Wednesday a 1972. Shi kam Beattie bai sake tsayawa a ragar wata babbar ƙungiya ba. Ya rasu a Agustan 1990 yana da shekara 53.

Ba labarin nesa ba ne

Mu ma a nan arewa mun ga irinta. A Yulin 2013, a wasannin neman gurbin hawa lig da aka yi a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci abokiyar karawarta 67 da nema, duk a rana guda. Hukumar NFF ta haramta wa 'yan wasan ƙwallo har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin shekara goma.

A zamanin Beattie sai mutum ya taka zuwa shago ko ya cike takarda kafin ya yi caca. Yau kuwa tana cikin wayar da ke aljihun saurayi, ko yana Birnin Kebbi, ko Gwandu, ko Kalgo, ko Dalijan. Yaron da ke tsaron raga a filin makaranta da yamma, yana mafarkin wata ƙungiya ta ɗauke shi, wata rana zai iya haɗuwa da nasa Gauld ɗin, musamman idan albashi ya yi watanni bai fito ba.

Mutum goma ne ke juya wa gola baya su tafi neman ci, saboda sun yarda akwai mai tsare musu gida. Wannan amanar ce Beattie ya riƙe a Hampden har ya ɗaga yatsu bakwai, ita ce kuma ya sayar a Ingila.