Ernst Fuhrmann: Injiniyan da ya sa wa Porsche 911 turbo, daga baya ya nemi a yi mata ritaya

Tsofaffin kanikawan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da suka koyi sana'a a kan Volkswagen Beetle, wadda aka fara haɗawa a Legas a 1975, sun san halin injin da ba shi da lagireto. Fanka ce ke hura masa iska, baƙin mai ya kwashe sauran zafin, kuma idan fambel ya tsinke a ranar watan Afrilu direba bai tsaya ba, injin ya tafi ke nan. A kan irin wannan injin ne wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, Ernst Fuhrmann, ya yi kasadar ɗora turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi tare da ƙara masa zafi.

An haifi Fuhrmann a birnin Vienna ranar 19 ga Oktoba, 1918. Ya shiga kamfanin Porsche a 1947, lokacin da kamfanin ke fakewa a ƙauyen Gmünd bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya samu digirin dakta a 1950 da bincike kan yadda bawul ke buɗewa da rufewa a inji mai saurin juyawa. Daga wannan ilimi ya ƙera injin Type 547, mai silinda 4 da lita 1.5, wanda ya ba da ƙarfin doki 110. Da shi ƙaramar motar 550 Spyder ta lashe tseren Targa Florio na Italiya a 1956, har yau kuma ana kiran injin da sunansa. A shekarar ce ya bar Porsche ya koma kamfanin Goetze mai ƙera ringin fistin, inda ya shafe shekara 15.

Rikicin cikin gida ne ya dawo da shi. Saɓani tsakanin zuri'ar Porsche da ta Piëch ya kai ga shawarar cewa 'yan uwa su janye daga tafiyar da kamfanin, aka kira Fuhrmann a 1971, ya karɓi ragama a 1972. Ya tarar da sashen tsere yana gwajin turbo a motar 917, wadda ta mamaye gasar Can-Am ta Amurka da Kanada a 1972 da 1973 da ƙarfin doki kusan 1,000. Ra'ayinsa shi ne abin da ya ci tsere ya kamata ya sauko titi.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Alfred Büchi na Suwizalan ya yi mata rajista tun 1905, kamfanin Chevrolet kuma ya sa ta a Corvair mai injin iska a 1962. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata ƙaramar farfela, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke cusa iska cikin silinda, iska mai yawa ta ƙone fetur mai yawa. Matsalar ita ce iskar da aka matse tana yin zafi, injin 911 kuwa ba shi da ruwan da zai sanyaya kan silinda. Injiniyoyin suka rage matsin fistin zuwa 6.5:1 don kada fetur ya kama da wuta kafin lokacinsa, suka taƙaita matsin turbo a wajen bar 0.8 da wani bawul da ke karkatar da rarar hayaƙi, suka ƙera akwatin giya mai ƙwari wanda giya 4 kawai gare shi, suka faɗaɗa tayoyin baya.

Lokacin ma bai yi kama da na sayar da irin wannan mota ba, domin rikicin man fetur na 1973 ya sa har an hana tuƙi a wasu ranakun Lahadi a Jamus ta Yamma. Fuhrmann ya ƙi ja da baya. Dokar tsere ta buƙaci a ƙera 400 kacal, amma maimakon motar tsere tsirara sai ya sa aka ƙawata ta aka tsawwala mata kuɗi. An nuna 911 Turbo, wadda ake kira 930, a baje kolin motoci na Paris a Oktoban 1974, ta shiga kasuwa a 1975 da inji mai lita 3, ƙarfin doki 260, da gudun kilomita 250 a awa. Masu saye suka zarce lissafin kamfanin nesa ba kusa ba.

Motar tana da mugun hali. Direba zai taka totur ya ji shiru, sai turbo ya farka bayan ɗan jinkiri ƙarfin ya zo gaba ɗaya, ga nauyin inji a bayan mota. Wanda hakan ta same shi a tsakiyar kwana, gindin motar ne ke riga gabanta fita, abin da ya jawo mata laƙabin mai mayar da matan aure zawarawa. A samfurin 1978 aka ƙara injin zuwa lita 3.3, aka sa na'urar sanyaya iskar turbo a ƙarƙashin fiffiken baya, ƙarfin ya kai 300.

Abin mamaki, mutumin da ya fi kowa ɗaga darajar 911 bai yi imanin tana da sauran kwana ba. Yana ganin dokokin hayaƙi da ƙara, musamman na Amurka, za su kashe injin iska, don haka ya mayar da hankali kan 924 da 928, masu inji a gaba da lagireto, ya rage kuɗin inganta 911. Motar 928 ta ci lambar motar shekara ta Turai a 1978, amma abokan cinikin Porsche suka ci gaba da fifita tsohuwar. Dangantakarsa da Ferry Porsche ta yi tsami, ya bar kamfanin a ƙarshen 1980, magajinsa Peter Schutz ya soke shirin daina 911 a 1981.

Hasashensa bai zama ƙarya ba, sai dai ya riga lokacinsa da shekara kusan 20, domin a 1998 Porsche ta ƙera injin iska na ƙarshe saboda dalilan da ya hango. Shi bai ga wannan ba. Ya koma koyarwa a jami'ar fasaha ta Vienna, ya rasu a Teufenbach ranar 6 ga Fabrairu, 1995, yana da shekara 76, kuma a shekarar ce aka daina ƙera 928.