John Boyd Dunlop, Likitan Dabbobin da Ya Hura wa Keke Iska

'Yan uwana ɗalibai, Dunlop ɗin nan da muke gani a jikin taya sunan mutum ne. Abin da zai ba 'yan sashen injiniya haushi kuwa, mutumin likitan dabbobi ne. An haife shi ranar 5 ga Fabrairu 1840 a ƙauyen Dreghorn na ƙasar Sukotlan, gidan manoma. Ya yi karatu a Edinburgh, daga baya ya ƙaura zuwa Ailan, ya zauna a birnin Belfast yana duba dawakan jama'a.

A zamanin nan tayar keke daskararriyar roba ce, babu iska a ciki. A 1887 Dunlop ya ga yadda ɗansa ke shan jijjiga a kan kekensa mai ƙafa uku, don titunan garin shimfiɗar duwatsu ne. Sai ya naɗe fallen roba ya yi tub, ya hura shi da famfon ƙwallo, ya rufe da ƙyalle mai kauri, ya kafe shi a jikin faifan katako. Ya gangara wannan faifai a tsakar gida tare da ƙafar keken yaron. Ta yaron ta tsaya a hanya, mai iskar kuwa sai da ta je ta bugi ƙofa ta dawo.

A ganina nan ne basirarsa take. Taya mai tauri in ta ci karo da tsakuwa, dole ta ɗaga keke da mahayinsa gaba ɗaya, ƙarfin ƙafarka ya tafi a banza. Mai iska kuwa lotsawa take yi ta haɗiye tsakuwar ta wuce. Ni da na tashi ina kai gero tsakanin ƙauyenmu da Bodinga a keken babana, na sha ganin tsofaffi suna rage iska in za su sauka daga kwalta su shiga yashi. To, ai ilimin ke nan. Masu gasar nan ta ninƙaya da keke da gudu, waɗanda ke tuƙa kilomita 180 a babbar gasar, sun daɗe suna hawa siririyar taya mai faɗin milimita 23 a cike tam. Yanzu yawancinsu sun koma 28 da iska sassauƙa, saboda an gano ta fi gudu in titi ba sumul yake ba.

Ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a Disamba 1888. Da farko dariya aka yi wa ƙatuwar tayar, sai a Mayu 1889 wani mahayi, Willie Hume, ya hau ta ya cinye tsere huɗu a Belfast rana guda. Attajiri Harvey du Cros ya gani, suka kafa kamfani a Dublin a shekarar.

Daga nan sa'a ta juya masa baya. A 1890 aka sanar da shi takardarsa ba ta da ƙarfi, don wani ɗan ƙasarsu, Robert William Thomson, ya riga ya yi rajistar taya mai iska tun 1845, aka manta da ita. Masu shirin furojet, a riƙa bincike kafin a ce ni na fara. Ga shi kuma tayar tasa manne take da gam a jikin ƙarfe, in ta fashe aiki ya samu. Wallahi da haka ta tsaya, da ƙayar aduwa da tsidau na hanyar Shagari sun sa mutanenmu sun koma kan jaki. 'Yan uwan nan biyu na Faransa, Michelin, suka fito da wadda ake cirewa a gyara, har Charles Terront ya ci tseren Paris zuwa Brest da dawowa da ita a 1891, tafiyar kusan kilomita 1,200. Mai facin da ke bakin tasha yana tsoma tub a ruwa yana neman kumfa, daga irin wannan gyara sana'arsa ta samo asali.

Dunlop ya janye daga kamfanin ba tare da ya tara wata dukiya ba. A 1896 aka sayar da kamfanin fam miliyan 3, sunansa na jiki. Ya rasu a Dublin ranar 23 ga Oktoba 1921 yana da shekara 81. Bayan shekaru masu yawa wani banki a Ailan ta Arewa ya buga hotonsa, da dogon farin gemunsa, a takardar fam 10.